Kulocin Hilux ɗina yana nutsewa a gosulo, mai kuma bai ragu ba

Mai Hatsi: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema kafin in yi asarar kuɗi. Motata tsohuwar Hilux ce, mai shan dizal, da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Yau kusan sati uku ke nan kulocin yana min wasa da hankali. Da safe lafiya lau. Amma idan na shiga gosulon Kurna zuwa Rijiyar Lemo, na taka kuloci na riƙe, sai in ji fedar tana saki a ƙarƙashin ƙafata, motar ta fara jan jiki gaba alhali ban ɗaga ƙafa ba. Jiya saura ƙiris in daki bayan wani mai adaidaita. Ribas kuwa sai da ƙara take shiga. Idan na yi famfo sau huɗu ko biyar sai ya dawo. An yi bilidin, wato cire iska daga layin man kuloci, sau biyu. Yanzu bakanikena ya ce a sauke giyabos a sa sabon faifan kuloci. Na duba kofin man kuloci, cike yake, bai ragu ba ko kaɗan.

Direban Sharon: Wa alaikumus salam. Alhaji faifai ne kawai, kada ka wahalar da kanka. Motar da take ɗaukar buhuna kullum ai dole ta cinye kuloci. Ni duk shekara sai na canza.

Baban Gareji: Direban Sharon, duk shekara? To ƙafarka ce matsalar, ba motar ba. Ka daina ɗora ta a kan feda kana tafiya.

Alhaji Mai Hatsi, kada ka bari a kwance ko noti ɗaya na giyabos tukuna. Faifan da ya cinye ba haka yake yi ba. Shi alamarsa santsi ne: ka taka totur a giya ta huɗu, inji ya yi ihu, mota ba ta ƙara gudu ba, wani lokaci har da ƙauri. Naka kuwa akasin haka ne. Kai kulocin ne yake kamawa a lokacin da kake so ya saki. Wanda yake santsi ya ƙi kamawa, naka ya ƙi saki. Ciwo biyu ne daban, maganinsu daban.

Amsa min wannan: idan ka kashe inji, giyoyin suna shiga sumul?

Mai Hatsi: Sumul kuwa Baba. Har ribas ɗin. Sai inji yana aiki take gardama.

Baban Gareji: To giyabos ɗinka lafiyarsa ƙalau, a bar shi inda yake. Ribas ce take fara tona asiri saboda a yawancin motoci ba a sa mata zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar sauran giyoyi ba, da kuloci ya ɗan kama sai ta yi ƙara.

Injiniya: Bari in ɗora a kan maganar Baba, don waɗanda ba su san yadda abin yake aiki ba. Idan ka taka feda, wani ɗan sanda ne yake tura fistin a cikin mastan sama, wato silindar da ke bayan feda. Fistin ya matsa mai, man ya bi ta fayif da tiyo ya sauka zuwa mastan ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya tura ƙarfen da ke raba faifai da inji. Sirrin abin gaba ɗaya shi ne mai ba ya matsuwa. Duk inda ka tura shi sai ya tura na gabansa. To ƙarfin nan hanya uku yake bi ya ɓace: ko iska ta shiga, ita kuwa tana matsuwa kamar soso, ko man yana zuba waje, ko kuma yana zagaye robar fistin a cikin mastan sama ya koma kofi. Wannan na ukun shi ne mai ruɗa mutane, domin ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, kofi kuma cike. Abin da Alhaji ya faɗa, cewa yana riƙe feda ƙarfin yana zarewa a hankali kuma mai bai ragu ba, ya fi kama da shi.

Direban Sharon: Injiniya ka fara karatun naka. Mu dai a hanya muka koya.

Injiniya: Hanyar ce ta sa kake sayen faifai duk shekara, Oga.

Hajiya Mai Golf: Ku yi haƙuri in shigo. Ni ma na taɓa samun irin wannan a Golf 4 ɗina, ina tsakiyar ɗauko yara daga makaranta feda ta manne a ƙasa, sai da na sa yatsun ƙafa na ɗago ta. Da aka duba, ashe man birki ne ya yi ƙasa. Aka cika, aka cire iska, shi ke nan. Alhaji ka tabbata kofin da ka duba shi ne na kulocin?

Baban Gareji: Hajiya tambayarki tana kan hanya, amma motarki da tasa ba ɗaya ba ne. Golf 4 kofi ɗaya birki da kuloci suke sha. Masu ƙirar sun sa bakin tiyon kuloci a sama-sama a jikin kofin, da gangan, don idan mai ya fara raguwa kuloci ya riga birki mutuwa. Gara ka rasa giya da ka rasa birki. Shi ya sa idan takalman birki suka cinye, mai ya sauka, kulocin ne yake fara shaƙar iska. Ina fata dai an duba miki dalilin da ya sa man ya yi ƙasa, ba cikawa kawai aka yi ba.

Hilux ɗin Alhaji kuwa kulocin yana da ɗan kofinsa daban, a gefen na birki.

Hajiya Mai Golf: An duba Baba, takalman gaba ne suka ƙare, an canza.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan ambirayaj muka ce mishi. Abin ga ya taɓa samuna bisa hanyar Dakwaro, da kaya cike da mota. Ni dai shawarata Alhaji, ka sa hannu ƙarƙashin dashbod, wurin da sandan feda ya shiga masta, ka shafa. In ka ji danshi, ko kafet ya jiƙe, to ta baya yake zuba. Mutane suna duban ƙasan mota su ce ba yoyo, alhali yoyon yana cikin mota bisa takalminsu.

Mai Hatsi: Na shafa yanzun nan, a bushe yake. Kafet ma haka.

Baban Gareji: Madalla. Saura na ƙasa. Ka shiga ƙarƙashin motar, za ka ga mastan ƙasa a jikin giyabos, noti biyu ne suka riƙe shi. Akwai wata roba mai lanƙwasa kamar zugazugi a bakinsa. Janye ta baya da yatsa. Idan mai ya tsiyayo, ya mutu. Robar nan tana iya ɓoye mai cokali guda ba ka sani ba.

Bayan nan ka samu yaro ya taka feda ya riƙe, kai kana kallon sandan da ke fitowa daga mastan ƙasa. Ya kamata ya fito ya tsaya cak muddin ƙafa tana kan feda. Idan ka ga yana komawa ciki a hankali kamar kunkuru, mai yana gudu ta wani wuri. Sannan ka duba tiyon roba da ke tsakanin fayif da mastan ƙasa yayin da ake takawa, ko yana kumbura. Tsohon tiyo yakan buɗe ciki ya shanye ƙarfin.

Mai Kayan Gyara: Alhaji kada ka tsaya wahala, ka zo Ƙofar Ruwa a haɗa maka na sama da na ƙasa gaba ɗaya. Tare aka sa su a kamfani, tare suke tsufa. Ka canza ɗaya yau, wata biyu ɗayan ya biyo baya.

Direban Sharon: Kowa dai gonarsa yake yi wa fatan ruwa.

Mai Kayan Gyara: Wallahi ba don ciniki na faɗa ba. Ku tambayi Baba.

Baban Gareji: Gaskiya ya faɗa, ko da yake bakin ɗan kasuwa ne. Sabon masta yana turo ƙarfi cikakke, tsohon na ƙasa da ya saba da lallaɓawa sai ya fashe. Amma a bari mu san abin da ya lalace tukuna. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Mai Hatsi: Na dawo. Na janye robar, akwai mai a ciki, ba da yawa ba amma ya jiƙa min yatsu. Sandan kuma yana komawa kamar yadda Baba ya ce, kafin in ƙirga goma ya koma rabi. Abin da ya ɗaure min kai, idan yana zuba ta ƙasa, me ya sa kofi bai ragu ba? Kuma man da ya fito ja-ja ne.

Injiniya: Ja?

Baban Gareji: Alhaji tsaya. Man birki ba ja ba ne. Sabo fari ne garai-garai ko ruwan zuma mai haske, idan ya tsufa ya koma kamar baƙin shayi. Buɗe kofin, ka ciro robar da ke cikin murfin ka duba ta. Ta kumbura? Tana komawa mazauninta da sauƙi?

Mai Hatsi: Ta kumbura sosai, ta yi laushi kamar danƙo. Da ƙyar na mayar da ita. Na ɗauka haka take.

Injiniya: Yi wannan gwajin, ba ya cin ko sisi. Samu kofin gilashi da ruwa, ka ɗebo man da sirinji ko da cokali ka ɗiga a ciki. Man birki na DOT 3 ko DOT 4, wato ajin man da ake rubutawa a jikin gora, yana narkewa a ruwa, zai gauraye. Man da aka tato daga fetur kuwa, irin man inji ko man sitiyari, zai taso sama ya yi ido-ido kamar mai a kan miya.

Mai Hatsi: Innalillahi. Wani ya gauraye, wani ya taso sama, jajaye.

Baban Gareji: To ga ɓarawonka. An zuba maka ATF, wato jan man giya da ake zuba wa sitiyari, a kofin kuloci. Wa yake taɓa motar ban da kai?

Mai Hatsi: Ƙanena ne yake bina kasuwa, shi ke duba ruwa da mai da asuba. Bari in kira shi.

Direban Sharon: Ni fa ban ga abin tashin hankali ba. Mai ai mai ne. Akwai ranar da na maƙale a daji na zuba ruwan omo a birki na iso gida.

Hajiya Mai Golf: Da fasinjoji a ciki? Allah Ya tsare mu da irin motarka Malam.

Injiniya: Oga, don Allah kada ka koya wa mutane wannan. Ruwa a digiri 100 yake tafasa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 aƙalla, DOT 4 kuma 230. Idan ruwa ya tafasa a cikin birki ya zama tururi, ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Isowarka gida ba dabararka ba ce, kwana ne ya rage. Ko man birkin na gaskiya ma yana shan danshin iska da kansa, idan ya sha sai ma'auninsa ya faɗo zuwa wajen 140 a DOT 3, 155 a DOT 4. Shi ya sa ake cewa a zubar a sa sabo duk shekara biyu, kuma kada a yi amfani da gorar da aka buɗe aka ajiye wata da watanni. Ruwan nan shi ne yake cin cikin masta da tsatsa.

Maganar mai kuwa, robobin da ke cikin birki da kuloci an yi su ne don man birki kaɗai. Da man da aka tato daga fetur ya taɓa su sai su sha, su kumbura, su yi laushi, bakinsu ya daina kama bangon silinda. Kuma ba sa komawa daidai ko an wanke su.

Mai Hatsi: Ya amsa. Ya ce tun wata biyu da suka wuce ya ga man yana raguwa kaɗan-kaɗan, sai yake cikawa da gorar da ke bayan kujera. Gorar man sitiyari ce. Ya ce ya ga an rubuta Toyota a jiki, ya ɗauka duk ɗaya ne. Bai faɗa min ba wai kada in ce ya cika kawo ƙorafi. Ni kuma nake ta rantsuwa mai bai ragu ba.

Ɗan Maraɗi: Ka yi mishi haƙuri Alhaji, niyyar alheri ya yi. Ka gode Allah kofin birki bai raguwa, da can ma ya zuba.

Baban Gareji: Kada a ɗauka bai zuba ba, a duba. Alhaji ka yi gwajin ruwan nan a kofin birki ma, yau ba gobe ba. Ka duba robar murfinsa. Da a ce irin motar Hajiya ce mai kofi ɗaya, da yanzu maganar da muke yi ta canza duk robobin birki ce tun daga masta har ƙafafu huɗu, kuma da na ce kada motar ta motsa daga inda take.

Yanzu labarin ya fito sarai. Mastan ƙasa ne ya fara yoyo don tsufa, ƙaramin gyara. Yaro ya cika da ATF, ATF ya kashe robar mastan sama. Bilidin ɗin da aka yi sau biyu ma sai ya ƙara tura shi ko'ina. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bakaniken da ya buɗe notin iska har sau biyu, jan mai ya fito masa a hannu, bai ce komai ba, sai ma ya ce a sauke giyabos. Ba zan ce ya yi da gangan ba. Amma aikin giyabos ya fi kuɗi, kowa ya sani.

Mai Kayan Gyara: To kun ga maganata ta fito. Sama da ƙasa.

Baban Gareji: Har da tiyo, da robar murfi. Duk abin da yake roba a layin nan ya tafi. Fayif ɗin ƙarfe kuma a wanke shi da sabon man birki ko da sifirit, a hura masa iska ya bushe. Kada wani ya ce zai wanke da fetur ko kananzir, gidan jiya za a koma.

Mai Hatsi: Na duba birki, alhamdulillahi fari ne, ya gauraye da ruwa tas. Tambayata, ba za a iya sa kit kawai ba? Wani ya ce min robobin kaɗai ake canzawa, ya fi sauƙi.

Direban Sharon: Kit ya isa mana. Mu shi muke sawa.

Baban Gareji: Kit yana yi idan cikin silindar sumul yake kamar madubi. Ka haska tocila ka duba. Idan akwai zane ko ramin tsatsa, sabuwar roba sati biyu za ta yi. Mota mai shekarun taka, wadda ba na jin an taɓa canza mata man kuloci, ni ba zan ɓata lokacina da kit ba. Kuma kit ɗin da ke yawo yanzu, wani robarsa tun a kwali ta bushe.

Injiniya: Idan za ka saya ka nemi Aisin, su ne suke yi wa Toyota irin waɗannan kayan tun asali. Sai dai kwali ba shaida ba ne, ana buga na jabu. Ka je da wanda ya san kaya, ka tafi da tsohon a hannu a gwada.

Mai Kayan Gyara: Akwai na Beljiyam ma, masu kyau.

Baban Gareji: Inji na Beljiyam, na yarda. Giyabos, na yarda. Amma masta? Roba ce da ta yi shekaru a ajiye babu mai a cikinta. Tsohon wani za ka saya ka maye gurbin tsohonka.

Hajiya Mai Golf: Baba tunda ana maganar, ni an ce min wasu motocin dole sai an sauke giyabos kafin a canza na ƙasan. Gaskiya ne ko cuta ce?

Baban Gareji: Gaskiya ne Hajiya, ba kowane mai cewa a sauke ne macuci ba. Akwai motocin da mastan ƙasa yake cikin ƙoƙon giyabos, haɗe da boris ɗin kuloci, ya zagaye shaf. Sharon mai giya shida haka take, da yawancin Opel da Ford na baya-bayan nan. Alamarsa mai yana ɗiga ta ƙasan inda inji da giyabos suka haɗu. A irin wannan idan an sauke, gara a sa faifai sabo gaba ɗaya, don man yakan jiƙa shi, kuma ba wanda yake son biyan kuɗin saukewa sau biyu. Taki mai giya biyar a waje yake, a saman giyabos.

Direban Sharon: Wannan kam na sha shi. Kwana biyu motata ta yi a gareji.

Mai Hatsi: Jama'a an sa komai sabo jiya da yamma, na sama, na ƙasa, tiyo. DOT 3 aka zuba kamar yadda aka rubuta a murfin. Nutsewar ta daina. Amma fedar ta yi laushi, kuma sai can ƙasa dab da kafet yake kamawa. Ko kayan jabu aka ba ni?

Baban Gareji: Kada ka yi saurin zargi, iska ce ta rage. Layin da aka zazzage gaba ɗaya ba ya cika da famfo biyar. Yaya suka yi bilidin ɗin?

Mai Hatsi: Yaro yana ta famfo da sauri, ogan yana buɗe noti yana rufewa.

Baban Gareji: Famfo da sauri kumfa yake kaɗawa. A yi shi a natse. Sa siririn tiyo mai haske a bakin notin, ɗaya bakin a cikin gora mai ɗan mai a ƙasanta. A taka a hankali a riƙe. Ka buɗe noti, mai da kumfa su fita, ka rufe, sannan a ɗaga ƙafa. Idan aka ɗaga kafin ka rufe, iskar da ka kora ta dawo. Fedar za ta iya zama a ƙasa, a ɗago ta da hannu. Kowane taku uku a leƙa kofi, don ɗan ƙarami ne, yana ƙarewa aiki ya koma farko. Ka kiyaye fenti, man birki yana cinye shi, idan ya zuba a wanke da ruwa nan take.

Ɗan Maraɗi: Mu ta ƙasa muka tura shi. Babban sirinji, ka cika da mai, ka haɗa da notin ƙasa, ka matsa sannu-sannu har ya hau kofi. Iska dama sama taka so. Mutum guda ya isa, sai dai ka rage man kofin kada ya yi ambaliya.

Injiniya: Idan an gama a duba sandan mastan sama. Sabon masta ba lallai tsawonsa ya zo daidai da tsohon ba, akwai noti a jiki na daidaitawa. Fedar tana buƙatar ɗan wasa a sama kafin ka ji nauyi, milimita 5 zuwa 15 a irin waɗannan Toyota. Idan wasan ya yi yawa, kuloci zai kama a ƙasa kamar yadda kake ji. Amma kada a ɗaure shi tamau don a burge ka da feda mai tauri. Akwai wata 'yar ƙofa a cikin masta da mai yake komawa kofi ta cikinta idan ka saki feda. Idan fistin bai dawo ya buɗe ta ba, mai ya yi zafi ya faɗaɗa, ya rasa hanya, sai ya riƙa danne kulocin da kansa. A nan ne faifan naka mai lafiya zai fara santsi da gaske.

Mai Hatsi: An sake da sirinji kamar yadda Ɗan Maraɗi ya ce, kumfa ta fito da yawa ta sama. An ɗan warware sandan, na auna wasan da rula, santimita ɗaya. Yau na shigo da buhu goma sha biyar na gero daga Ɓaɓura, na tsaya a gosulon Bachirawa fiye da rabin awa, feda ba ta motsa ba, ribas shiru. Allah Ya saka wa kowa da alheri, musamman Baba. Gorar man sitiyarin na cire ta daga motar, na rubuta wa kowane kofi sunansa da fenti.

Baban Gareji: Amin. Bayan sati biyu ka sake ɗiga man a ruwa. Idan ka ga ko ido ɗaya ya taso, a zubar a sake sabo, wani lokacin yana maƙalewa a lanƙwasar fayif.

Direban Sharon: To Baba, ni tawa santsi take a giya ta biyar idan na ɗauki mutum tara. Ita ma mastan ne?

Baban Gareji: Kai naka faifai ne. Kawo ta ranar Asabar, ka zo da kuɗinka.